Yaranmu Masu Ciwon Sukari da Tattakin 14 ga Nuwamba: Jawabin Kwamitin Walwala

 

Hajiya Shugaba, Hajiya Ma'aji, iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya tun tana adashen mata 'yan kaɗan a gindin rumfa, uwayen adashe na kowane layi a Babbar Kasuwa, 'yan'uwa membobi, mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da sake ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana. Waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kun saba duk shekara kwamitin walwala ya tashi ya karanto muku suna nawa muka je, biki nawa, ta'aziyya nawa, da abin da aka kashe. Bana mun miƙa wa sakatariya wannan lissafin ta buga shi daban, kowa ya duba a natse. Mun roƙi Hajiya Shugaba ta bar mana lokacinmu don magana guda ɗaya, kuma a ƙarshenta akwai abin da za mu nema a hannunku. Gara mu faɗa tun yanzu, kada a ce mun yi muku sammako da daɗin baki: kuɗi ne, da kuma ƙafa.

Za mu fara da labarin da da yawanku kun san rabinsa. Uwar yarinyar tana zaune a cikinmu, ta ba mu izinin faɗa, da sharaɗin kada a kama suna. Yarinyar tana da shekara tara a lokacin, mai ƙiriniya, ita ke taya uwarta ɗaura ƙuli-ƙuli a leda in an taso Islamiyya. Sai aka ga ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta sha moɗa biyu ta juya ta ce ƙishi take ji. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana 'yar shekara uku. An yi faɗa, an yi duka, yaran gida suna kiranta amalala. Tana cin abinci kamar gara amma kullum ramewa take, zanen da ya yi mata daidai da sallah ya koma zagaye ta sau biyu. Kakarta ce ta fara lura kiyashi na taruwa duk inda ta tsuguna.

An je kemis, aka ba da maganin maleriya. Ba sauƙi. An koma, aka ce taifot ne. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, aka yi turare. Ranar da ta fara amai tana riƙe ciki, tana jan numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, aka ɗauke ta zuwa wani ƙaramin wurin shan magani a unguwa, suka ɗaura mata ƙarin ruwa, irin mai sukari a ciki, don a ganinsu ba ta da ƙarfi. Ba mu zo kama sunan kowa ba, mun san da niyyar taimako aka yi. Amma kafin ledar ta ƙare yarinya ta daina gane uwarta. Cikin dare aka sa ta a Keke Napep zuwa babban asibiti. Can wata ma'aikaciyar jinya ta soki yatsarta, ta ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji. Na'urar ba ta ma nuna lamba ba, don sukarin ya wuce iyakar abin da take iya ƙirgawa. Gwajin da bai ɗauki minti ɗaya ba, shi ne aka yi makonni ana yawo ba wanda ya yi tunanin yi.

Allah Ya tashi kafaɗunta. Yau budurwa ce, tana sakandare, kuma ita ce ta jawo maganar gudun nan da za mu zo kanta.

Ɗayan labarin gajere ne. Ɗan ƙanwar wata daga cikinmu ne, a wani ƙauye a hanyar Jibiya. An gano ciwonsa, an ɗora shi a kan allura, ya yi ƙiba, ya koma makaranta. Wata rana kwalba ta ƙare, gida ba ko sisi. Uban ya ce a yi haƙuri zuwa ranar kasuwa ya sayar da akuya, kafin nan a riƙa ba shi ruwan ganyen bedi, ai ɗaci na kashe zaƙi. Yaron bai kai ranar kasuwa ba. Allah Ya sa mai ceto ne. Labari bai iso mana ba sai da aka zo neman mu raka ta ta'aziyya, kuma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, kuɗin kwalbar nan bai kai abin da muka kashe na mota zuwa gaisuwar ba.

To, 'yan'uwa, wane irin ciwon sukari ne wannan? Mu dai wanda muka sani shi ne na manya, na Hajiya da Alhaji, wanda kan zo bayan shekaru sun ja, sau da yawa tare da ƙiba da hawan jini, a ce a rage tuwo da lemun kwalba, a sha ƙwaya. Likitoci na kiran wannan nau'i na biyu. Na yaran nan shi ne nau'i na ɗaya, kuma hanyarsa daban. A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da ake kira pankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne buɗe wa sukarin da ke cikin jini ƙofa ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya zama ƙarfi. Ku ɗauka an sauke buhunan kaya a bakin shago, mabuɗi ya ɓace: kaya na ta taruwa a hanya, cikin shago wayam. Haka jinin yaron ke cika da sukari alhali jikinsa na fama da yunwa. Ƙoda na ƙoƙarin zubar da sukarin ta fitsari, shi ya kawo yawan fitsari da ƙishi. Jiki ya koma cin kitsensa, shi ya kawo rama, kuma ƙona kitsen nan ke tara wani guba a jini wanda ke kawo amai da ciwon ciki da numfashin nan mai zurfi, daga nan sai suma.

Abin da ke ɓatar da mabuɗin, garkuwar jikin yaron ce da kanta ke juyawa ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin. Muna so iyaye mata su ji wannan da kyau, don mun ga uwar da dangin miji suka ɗora wa laifi, wai ita ta lalata yarinya da alewa da rake. Alewa ba ta kawo shi. Ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa. Ba maita, ba sammu. Kuma har yau ba ƙwayar sha, ba saiwa, ba ganye da ke maye gurbin insulin ga mai wannan nau'in. Zogale abinci ne mai kyau, a ci. Amma wanda ya ce a ajiye allura a koma wa garin maganinsa, ko a nan cikin kasuwarmu yake da lasifika a kan mota, kabari yake haƙa wa yaron. Mu 'yan kasuwa ne, ba ma son taɓa abincin kowa, amma wannan kam dole a faɗa.

Kafin 1921, duk yaron da wannan ciwo ya kama a ko'ina a duniya, ɗan sarki ko ɗan talaka, ba ya daɗewa. Abin da likitoci suka iya shi ne su hana shi abinci har ya zama ƙashi da rai, a ƙara masa 'yan watanni. A shekarar 1921 ne a garin Toronto na ƙasar Kanada wani likita, Frederick Banting, da ɗalibi mai taya shi aiki, Charles Best, suka ciro insulin suka gwada a kan karnuka. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar, ya farfaɗo. Da aka zo batun haƙƙin mallakar maganin, dala ɗaya-ɗaya waɗanda sunansu ke kan takardar suka karɓa suka bar wa jami'ar Toronto, don kada ya zama abin da sai mai kuɗi. Shekara ɗari ke nan da 'yan kai. Mu kuma ga shi muna ba ku labarin yaron da ya tafi yana jiran a sayar da akuya.

Bari mu ɗan shiga gidan da ake rainon irin wannan yaro, don wanda bai gani ba ba zai gane ba. Allura kullum ce, ba Juma'a, ba sallah, ba ranar biki. In sau biyu ake yi a rana, sau 730 ke nan a shekara. In sau huɗu ne, 1,460. Ban da sukar yatsa don gwaji, da safe, kafin abinci, kafin barci, wani lokaci da tsakar dare. Kwalbar insulin mai mililita 10, irin mai lamba 100, awo 1,000 ke cikinta, kuma in an buɗe ta, bayan kamar mako huɗu ana so a canza ko da saura. Sai sirinji, sai tsinken gwaji wanda sau ɗaya ake amfani da kowane a jefar, kuma iyayen sun ce mana shi ne ma ke cinye kuɗi a ɓoye. Duk daga waje ake shigo da kusan komai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, Naira ta faɗi a bayansa, ba sai mun gaya wa 'yan kasuwa abin da ya sami duk kayan da ke tsallako ruwa ba. Atamfa in ta yi tsada sai a ɗaga ɗinki zuwa baɗi. Insulin ba a ɗaga shi zuwa jibi. Sai ka ga uwa tana rage awo don kwalba ta kai ƙarshen wata, tana sane da cewa cutar da ido da ƙodar ɗanta take yi a hankali, amma ya za ta yi?

Akwai wani kuskure da likitan da ya zauna da kwamitinmu ya ce lallai mu isar. Insulin da aka fi samu na zuwa da ƙarfi iri biyu, mai lamba 40 da mai lamba 100, kuma kowane da sirinjinsa. In aka ɗebi mai 100 da sirinjin 40, an yi wa yaro ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. Duk mai zuwa sayo wa, ko miji ne ko ɗan aike, ya duba lambar kwalba da ta sirinji su zo ɗaya. Haka kuma in yaro ya kwanta zazzaɓi ya ƙi cin abinci, kada a ce to yau ba allura. Rashin lafiya na ɗaga sukari ne sau da yawa. A gwada, a kira likitansa ko a kai shi asibiti.

Sai ɗaya gefen, wanda ya kamata kowace mai rumfa ta sani, ko ba ta da mai ciwon a gida. Sukari na iya faɗuwa ƙasa, in an yi allura ba a ci abinci ba, ko an yi wasa da yawa. Za ki ga yaro na karkarwa, gumi na keto masa, ya rikice ko ya yi ta fushi ba dalili. A na'ura, ƙasa da 70 ke nan, ko ƙasa da 3.9 ga masu ɗayan ma'aunin. A wannan lokacin sukari shi ne magani: ƙaramin cokali uku a ruwa, ko rabin lemun kwalba, a jira minti goma sha biyar a sake gwadawa, sannan a ba shi abinci. Mun ji wadda ta fizge alewa daga hannun yarinya tana cewa ke da ke da ciwon sukari, alhali alewar ce ke tsakaninta da faɗuwa. In kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a yi asibiti da shi.

Batun azumi ma ya taso a zamanmu, don yaran nan suna jin kunya a ga suna ci ƙannensu na azumi. Malamanmu sun yi bayanin rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya, likitoci kuma sun sa mai wannan nau'in cikin waɗanda azumi ke da haɗari babba a kansu. A haɗa malam da likita tun Sha'aban, kada a bar yarinya ta yanke wa kanta hukunci don gudun gori.

Gorin nan shi ne rabin ciwon, musamman ga 'ya mace. Ana ɓoyewa don kada ta rasa miji. Ana hana malaman makaranta sani. Ranar da ta faɗi a aji ba wanda ya san abin yi. Mace mai wannan ciwo tana aure, tana haihuwa, in ana kula da sukarinta tun kafin ciki da lokacin ciki. Amma mijin da aka ɓoye wa ba zai san me zai yi ba ranar da ya farka ya gan ta cikin gumi. A Amurka akwai wata mata, Sonia Sotomayor, tana da shekara bakwai aka gano nata, tun 2009 tana alƙalanci a kotun ƙolin ƙasar. Samarin da ke can baya, masu hana mu barci in ana ƙwallo, kun san Nacho, tsohon ɗan wasan Real Madrid. Yana da shekara 12 aka gano nasa, har aka ce masa ya manta da ƙwallo. Shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin zakarun Turai a Wembley a 2024.

Yanzu maganar gudu. Yarinyar da muka fara da labarinta tana cikin masu tsere a wasannin makarantarsu. Da farko uwarta ta hana, tsoro take ji, kuma tana da gaskiya: gudu na sauke sukari, wani lokaci har cikin daren da ya biyo baya. Likitanta ya koya musu ta gwada kafin ta fara, ta ci wani abu in ya yi ƙasa, ta riƙe dabino ko alewa a aljihu, ta sake gwadawa kafin barci, kuma kada ta yi gudu ranar da sukarin ya hau sosai tana jin jiki ba daɗi. Da haka take yi, lafiya lau. Ita ce ta zo rumfar uwarta da waya a hannu, muna zaune, ta ce, “Umma, kin ga a wasu ƙasashe gudu ake yi a tara kuɗi saboda irinmu. Me zai hana ku Hajiyoyi ku yi?”

Wallahi dariya muka yi har da riƙe ciki. Wata a cikinmu ta ce, “Ni da gwiwar nan tawa? Rabona da gudu tun ranar gobara.” Amma da muka koma gida maganar ta ƙi barinmu. Muka sa 'ya'yanmu suka bincika mana, ashe abin na da tarihi. A 1970 wata uwa a garin Filadelfiya na Amurka, Lee Ducat, da aka gano ɗanta na da ciwon, ta tara iyaye irinta suka kafa gidauniyar da aka daɗe ana kira JDRF, wadda a 2024 ta koma Breakthrough T1D. Tattaki da gudu da tseren keke na cikin hanyoyin da suke tara kuɗin bincike. Yadda ake yi kuwa, mai gudu ne ke bin 'yan'uwa da abokai, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar in ya kai ƙarshe. A Kanada kuma a 1980 wani saurayi, Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon daji, ya yi kwana 143 yana gudu da ƙafar roba don tara kuɗin binciken ciwon daji, ya ci kilomita 5,373. Kamar mutum ya taka daga Katsina zuwa Kano sau talatin ke nan. Ya rasu a 1981, har yau duk shekara ana gudu da sunansa.

Nan ne muka yi gardama a kwamiti, kuma ba za mu ɓoye muku ba. Wasunmu suka ce, in za a tara kuɗi, a tara don bincike kamar yadda suke yi, a samo maganin da zai raba yaran da allura gaba ɗaya. Kuma binciken na tafiya. A watan Nuwamban 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani da ke jinkirta bayyanar ciwon da kamar shekara biyu ga waɗanda aka gano yana tafe. Sai dai lokacin da ya fito a 2022 kuɗinsa ya kusa dala dubu ɗari biyu ga mutum ɗaya. Da aka faɗi haka sai ɗakin ya yi tsit. Ma'ajinmu ta ce, “Su can sun gama da maganar kwalbar wata, shi ya sa suke hangen gaba. Mu nan maganin 1922 ne bai gama isowa ba.” Muka ga gaskiyarta.

Amma kada mu raina bincike, don akwai wanda ya shigo har tsakar gidanmu. Kun san insulin na son sanyi, mu kuma wuta sai ta ga dama, ga gidaje da yawa ba firji. An daɗe ana gaya wa iyaye in ba firji magani ya lalace, har wasu kan yi tafiya kullum zuwa asibiti ko gidan mai firji don allura. A 2021 ƙungiyar likitocin nan ta MSF da jami'ar Janiba suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a arewacin Kenya, inda zafin ɗaki ke hawa da sauka tsakanin 25 da 37. Suka tarar kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Mu nan a watan Afrilu zafi na haura 40, don haka sai an haɗa da dabara, kuma dabarar tamu ce. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, shi ya yaɗa tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Don tumatir da yalo ya yi ta, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Masu bincike sun gwada irin waɗannan tukwane a ƙasashe masu zafi sun ga suna sauke zafin da ke kan insulin. A sa kwalbar cikin wani abu mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, kada a jingina ta da ƙanƙara, don insulin da ya daskare ya tashi aiki. Ashe randar kakanninmu ma tana da gurbi a littafin likita.

Ga abin da muka tsayar, muke kawo muku. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ranar haihuwar Banting ce aka ɗauka, ana yin ta tun 1991, alamarta shuɗin zobe. Lokacin sanyin hunturu ya fara leƙowa, safiya ba zafi. Muna so a wannan ranar mu fito da sassafe, kafin a buɗe shaguna. Yara da samari da 'yan mata masu ƙarfin ƙafa su yi gudunsu a fili, mun fara neman izinin wuri. Mu iyaye mu yi tattaki da hijabanmu, a natse, daga bakin kasuwa zuwa Ƙofar Soro. Wadda gwiwa ta hana ta zauna a teburin gwaji ta riƙa rubuta suna, don muna neman ma'aikatan lafiya da za su zo su gwada duk mai so. Kowace mai fita za a ba ta takardar alkawari ta bi dilolinta da masu sari a hannunta da surukanta. Alhazan layin 'yan atamfa da na 'yan shinkafa da ke zaune a nan gaba, kun ji da kunnenku, za mu zo.

Tattakin rana ɗaya ba ya sayen maganin wata goma sha biyu, mun sani. Shi ya sa muke neman a ƙara naira ɗari a kan zubin kowane mako, ta tafi asusu na daban wanda ba a ba da rance daga cikinsa, ba a taɓa shi don biki ko suna. Kuɗin ba za a miƙa wa kowa a hannu ba. Uwa ta kawo takardar likita, mutum biyu daga kwamiti su sayo insulin da sirinji da tsinken gwaji daga kantin magani mai rajista da ke ajiye su a firji, a kawo rasit. Kashi tara cikin goma na wannan ne. Kashi ɗayan da ya rage shi ne namu binciken: littafi za mu buɗe, mu rubuta yara nawa ne a gidajen membobi da danginsu, shekarunsu, yadda aka gano, sau nawa magani ya yanke musu a shekara da dalili, ba tare da suna ya fita ba. Mu miƙa wa likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina in suna buƙata. Akwai shirin Life for a Child, wanda aka fara a 2000 daga Ostireliya, yana ba yara insulin da kayan gwaji a ƙasashe da yawa har da Najeriya, ta hannun asibitoci. Irin waɗannan shirye-shirye da lissafi suke aiki, yaron da ba a rubuta ba ba a san da shi ba, balle a aiko da rabonsa.

Wata ta tambaye mu, to in yaron ba ɗan memba ba ne fa? Mun tattauna, ba mu gama daidaitawa ba. Ra'ayin mafi yawanmu shi ne a fara da 'ya'ya da jikokin membobi da waɗanda suke riƙo, amma a bar wa Shugaba da Ma'aji ikon sayen kwalba ɗaya ta gaggawa ga duk yaron da aka kawo maganarsa, a yi bayani daga baya. Wannan ku za ku yanke.

Ranar Litinin 22 ga Maris, 2021, da wuta ta tashi a kasuwar nan, wasunmu sun tsaya da zanen jikinsu kawai suna kallon jarin shekaru na hayaƙi. Ba mu manta waɗanda suka yafe kwasarsu ta adashe suka ce a ba wadda ta ƙone ba, kuma da yawansu suna zaune a nan. Da su muka dogara da muka kawo wannan magana.

Bayan an ci abinci, Hajiya Shugaba za ta sa a ɗaga hannu kan naira ɗarin nan da kuma batun yaran da ba na membobi ba. Takardun alkawari suna wurin sakatariya a bakin ƙofa. Masu sayar da tukwane a cikinmu, muna neman manya da ƙanana waɗanda ba a shafa wa fenti ba, ku gaya mana farashin sari. Duk wadda ke da yaro mai yawan ƙishi da fitsari da rama, kada ta jira Nuwamba, ta kai shi a soki yatsarsa gobe. Wadda kuma take da mai ciwon a gida ba ta so a sani, ta sami ɗaya daga cikinmu a keɓe, ko a rumfa ko a gida, maganar ba za ta wuce nan ba.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.